Tarihin Rinin da Ke Nuna wa Likita Ƙari a Laka

Jama'a, laka ita ce farar igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba. Ta cikinta saƙon ƙwaƙwalwa ya ke bi zuwa ƙafafu. Idan ƙari ya tsiro ya danne ta, sai ƙafa ta riƙa mutuwa sannu a hankali, fitsari ya ƙi riƙuwa. A ƙauyukanmu na ƙasar Dutse da Kiyawa akan ce iska ce ta taɓa mutum.

A 1887 wani likita a London, Victor Horsley, ya fara fid da irin wannan ƙari daga bayan wani hafsan soja. Da ya buɗe bai ga kome ba, sai da mataimakinsa ya ce a ƙara hawa sama kaɗan. Hafsan ya warke, ya taka da ƙafarsa. To, amma nasa ƙarin a gefen laka ya ke. Wanda ya tsiro a cikinta shi ne mai wuya, don launinsa kusan ɗaya da na naman kirki. In an rage shi ya sake tohowa, in wuƙa ta zarce mutum ya gurgunce.

Dabarar kuwa daga wajen masu rini ta fito. A 1871 wani Bajamushe, Adolf von Baeyer, ya haɗa wani rini, fuloresin, mai walƙiya a ƙarƙashin shuɗin haske. Shi ne ruwan ɗorawan nan da malamin ido ya ke sa muku don ya ga gyambon ido. A 1947 Likita George Moore na Amurka ya zuba shi cikin jijiyar masu ƙarin ƙwaƙwalwa, ya ga ƙarin ya sha rini, naman kirki bai sha ba. Dalili, jijiyoyin jinin ƙari suna yoyo. Daga baya, da madubin fiɗa ya samu fitila mai dacewa, aka kai dabarar ga laka.

Kada a ɗauka tsafi ne. Wani ƙarin ba ya shan rinin, kuma rini ba ya ta da lakar da ta riga ta mutu. Mu nan Nijeriya, Likita Latunde Odeku ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa da laka a Ibadan a 1962. Yanzu akwai irinsa a Kano da Sakkwato, ba sai an je Kudu ba.

Wanda ciwon baya ke hana shi barci, ƙafa kuma tana nauyi mako bayan mako, ya zo ɗakin magani tun yana iya takawa, mu rubuta masa takarda zuwa babban asibiti a Dutse. Tarin fuka na ƙashin baya ma haka ya ke farawa, shi kuwa maganinsa kyauta ne.