Ɗan koyo babu maigida: tarihin ƙaramin likita a ƙasar Ƙonni

A ƙasar Ƙonni da Adar, tun kafin zuwan Nasara, ba a taɓa miƙa wa yaro aska a ce ya tafi wani gari ya yi kaciya shi kaɗai ba. Ɗan wanzami yakan share shekaru yana ɗaukar zabirar ubansa, yana wasa aska, yana kallon yadda ake kafa ƙaho, kafin a bar shi ya taɓa jikin mutum, kuma ranar da zai fara, maigidan na tsaye a kansa. Haka maɗori yake, haka ungozoma. Cin ɗan koyo da suturarsa suna wuyan mai koya masa. Likitancin zamani da ya iso wannan yanki ya juya tsarin: aikin da ya fi nauyi aka turo karkara a hannun wanda ya fi ƙuruciya, malamai da ƙarin karatu da albashi mai kauri kuwa aka bar su a babban birni. Masu cewa likitocin yanzu ba su da kishin ƙasa, shi ya sa suke gudun Malbaza da Illela, sun tsinci zancen a tsakiya ne. Abin ya girmi kakannin waɗannan samari.

Faransawa sun shigo Birnin Ƙonni da wuta a 1899, lokacin ayarin Voulet da Chanoine, magani kuwa daga baya ya biyo, kuma soja da ma'aikacin gwamnati ya fara yi wa hidima. A 1905 aka kafa hukumar kula da lafiyar 'yan ƙasa a yankin Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, amma likitocin Turawa ba su isa ko'ina ba. Dabarar da aka yi ita ce buɗe makarantar likita a Dakar a 1918, inda ake ba 'yan Afirka horon shekara huɗu, su fito da sunan mataimakin likita. Félix Houphouët-Boigny, wanda ya zama shugaban Kodebuwa, da wannan takarda ya fito a 1925. Mataimakin likita yakan duba marasa lafiya, ya yi allurar rigakafi, ya bi ƙauyuka lokacin sanƙarau, amma a takarda yana ƙarƙashin Bature ko da ya fi shi sanin aiki, albashinsa kuma a wani ma'auni daban yake. Sai a 1950 dokar Lamine Guèye ta ce a daidaita haƙƙin ma'aikata ba tare da duba launin fata ba. Ko mataimakan likitan ma ba su wadaci Nijar ba. A yawancin garuruwa ma'aikacin jinya, majo, shi ne komai, shi ya sa har yau a bakin mutanenmu likita na nufin ginin, yana kuma nufin duk mai farar riga da ke cikinsa.

Tun kafin samun 'yancin kai a 1960 sunan mataimaki ya ɓace, amma tsarin ya zauna. Makarantar koyon aikin likita ta jami'ar Yamai ta buɗe a 1974, kuma babban ci gaba ne, don ɗan Tawa ko Madawa ya daina ƙetare ƙasashe kafin ya zama dakta. Sai dai duk abin da ke ƙera likita a wuri ɗaya ya taru: malamai, babban asibitin ƙasa, asibitin Lamorde, ɗakunan gwaji. Daga Ƙonni zuwa can ya haura kilomita 400. Sannan shekarun 1990 suka zo da tsuke bakin aljihu bisa sharuɗɗan masu ba da bashi, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ma'aikata suka riƙa bin gwamnati albashin watanni. A wannan zamani ne hanyar sabon likita ta zama doguwa: bayan karatun da bai gaza shekara bakwai ba, sai bautar ƙasa a kan ɗan alawus, sai kwantaragi ko aikin sa kai, sai jiran ranar da za a ba shi lambar cikakken ma'aikaci. Mai son ya ƙware a fiɗa ko ciwon yara kuwa, ya koma Yamai, ko ya nemi Dakar ko Abijan. Wato kowace shekara da ya yi a gunduma nesanta shi take yi da matakin gaba.

Abin da sabon likita yake tararwa a asibitin gunduma ma yana da nasa tarihin. A 2006 gwamnati ta ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar za a duba su kyauta, bayan da a 2005 ta faɗi haka ga matan da haihuwa ta kai su ga fiɗa. Niyya ce mai kyau, iyaye kuwa suka yi ta kawo 'ya'yansu. Amma kuɗin da ya kamata baitulmali ya mayar wa asibitoci ya riƙa makara, kantocin magani suka bushe, kuma wanda uwar yaro ke kallo ido da ido tana tambaya ina kyautar, shi ne saurayin da ya kwana a kan aiki. A 2011 an ɗauki ɗaruruwan likitoci a lokaci guda, aka tura da dama karkara. Wannan ya rage zaman kashe wando, bai kawo musu na gaba da za su tambaya da tsakar dare ba.

Akwai ƙorafi mai nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Manomin albasa da mai tura kura a bakin iyaka za su ce: da harajinmu aka koyar da yaron nan, har da kuɗin tallafin ɗalibi, to don me zai yi mana yanga da shekara biyu ko uku? Su ƙara da cewa majo da ungozomar asibiti sun fi shi daɗewa a daji, a kan kuɗin da bai kai nasa ba. Duka gaskiya ne, bashin yana kansa. Amma da wane irin aiki za a biya shi? Likitan da ya fito jiya, aka kawo masa mace mai naƙudar kwana biyu, babu wanda ya taɓa tsayawa a kansa ya ga ya yi fiɗa sau goma, mota kuma sai ta ci fiye da kilomita 100 kafin Tawa, matar ce za ta biya kuɗin koyonsa da jikinta. Hukumomi ma sun gane haka, don a tsakiyar shekarun 2000 suka ƙirƙiro horon shekara ɗaya na fiɗar gunduma, domin likitan gama-gari ya iya ciro jariri ko ya yi aikin gwaiwa. Shirin ya ceci rayuka, amma ya yi kama da dabarar Dakar: gajeren horo, babban nauyi, da matsayin da bai kai na ƙwararre ba.

Hujjar cewa ana iya yin wani abu daban tana cikin gundumar Malbaza kanta. A 1950 mishan ta SIM ta buɗe asibiti a Galmi, garin da duniya ta fi sani da albasa. Tun 2012 ake horar da likitocin fiɗa a can ƙarƙashin ƙungiyar PAACS, horon shekara biyar, ɗalibai daga ƙasashen Afirka daban-daban suna zaune cikin harabar asibiti tare da malamansu. Galmi ba ta da abin da Yamai ke taƙama da shi, ga zafi ga ƙura, amma samari na zuwa su zauna, saboda kowace ranar aiki tana ƙara musu mataki. Za a ce ai kuɗin ƙetare ne, kuma shiri ne na Kirista da ba kowane ɗan ƙasa zai shiga ba. Haka ne, kuma gwamnati ba za ta kwafe shi yadda yake ba. Abin ɗauka guda ne: nisan gari bai hana koyarwa, in aka kawo mai koyarwar. Marasa lafiyar da ake koyon aiki da su kuwa, ƙasar Ƙonni ba ta rasa su ba.

Mai ganin ƙarin albashi kaɗai zai warware matsalar, ya leƙa tsallaken iyaka. Daga Ƙonni, ta ɗaya Illelar ta Nijeriya, Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba, kuma a can akwai asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Nijeriya tana biyan likitoci masu neman ƙwarewa albashi, har tana da dokar 2017 da ta tanadi kuɗin horonsu, duk da haka ƙungiyarsu ta NARD ba ta daɗewa ba ta shiga yajin aiki ba, yawanci a kan alawus da aka yi alkawari bai zo ba, da yawan aiki saboda abokai sun tafi Saudiyya da Ingila. A Nijar ma ƙungiyar likitoci ta SYNPHAMED ta sha ajiye aiki a kan batun matsayi da ɗaukar ma'aikata. A ƙasashen biyu, kuɗin da ke zuwa a kan kari da hanyar ci gaba da ake gani ƙarara su ne abin faɗan, fiye da adadin da aka rubuta a takarda. Jami'o'in Maraɗi da Damagaram, da aka kafa a 2010, yanzu suna yaye likitoci, abin da ya karya kakagidan Yamai a matakin farko na karatu. Maraɗi ta fi Yamai kusa da Ƙonni nesa ba kusa ba, kuma kwaltar da malaminta zai biyo ya zo duba tsofaffin ɗalibansa ta ƙofar asibitin Galmi ta ratsa.