Tarin fuka da tagar da muka toshe da hannunmu

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni.

Watan jiya ƙanwata, wadda take aikin jinya a wani asibitin gwamnati, ta gama shan maganin tarin fuka na wata shida. Alhamdulillahi ta warke. Amma lokacin da gwaji ya nuna tana da shi, abin da ta fara ce min shi ne, "Yaya, don Allah kar ka gaya wa kowa a wurin aiki." Tsoron tsangwama take yi a cikin asibitin da nake kyautata zaton a nan ta kwaso cutar. Na taɓa zuwa ɗakin da take aiki. An yi masa kwaskwarima, an sa tayil, an sauke silin ƙasa, an cire manyan tagogin da, an sa ƙananan gilasai masu zamewa da rabi kawai ke buɗewa. Na'urar sanyaya ɗakin kuwa ta daɗe da mutuwa. A nan masu tari suke zama tun safe suna jiran likita.

Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na shiga karance-karance. Sai na tarar ashe tsohon labari ne.

Ranar 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya sanar a Berlin cewa ya gano ƙwayar cutar, shi ya sa ake tunawa da tarin fuka a wannan rana duk shekara. To amma an daɗe bayan nan likitoci da yawa ba su yarda cewa masu jinyar marasa lafiya na cikin wani haɗari na musamman ba. Sai a shekarun 1920 wani likita a Oslo ta ƙasar Norway, Johannes Heimbeck, ya riƙa yi wa ɗaliban aikin jinya gwajin fata ranar da suka shigo. Kusan rabinsu ba su taɓa haɗuwa da ƙwayar ba. Kafin su gama shekara uku na horo, kusan dukkansu sun kwasa, kuma cikin waɗannan sabbin kamuwa ne aka fi samun masu kwanciya ciwo. Wato asibitin ne da kansa yake ba su.

Ta yaya? A nan ne labarin ya fi ɗaukar hankalina. A shekarun 1950, a wani asibitin tsofaffin sojoji da ke Baltimore a Amurka, William Wells da Richard Riley suka ware wani sashe mai gado shida na masu tarin fuka. Suka ja iskar ɗakunan ta bututu zuwa saman gini, inda suka ajiye ɓerayen Masar a keji. Dabbobin nan ba su taɓa ganin mara lafiya ba, ba su ci kwano ɗaya da shi ba, iska kawai suka shaƙa. Suka kamu. Da aka sake gwajin aka bi da wani kaso na iskar ta ƙarƙashin fitilar da haskenta ke kashe ƙwayoyin cuta, ɓerayen da ke wannan ɓangaren ba su kamu ba. Sun kuma lura cewa wanda aka ɗora kan maganin da ya dace, nan da nan yaɗawarsa take raguwa ƙwarai. Ka ga ke nan ware wa mara lafiya kofi da cokali da muke yi a gida ba shi ne maganar ba. Iskar ɗakin ce.

Da magani ya samu, sai duniya ta saki jiki. Aka rufe gidajen jinyar masu tarin fuka na da, masu faffaɗar baranda da manyan tagogi, aka manta darasin.

Wanda ya tuna wa kowa shi ne abin da ya faru a Tugela Ferry, wani ƙauye a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu. A 2006 aka bayyana cewa an samu mutum 53 da wani nau'in tarin fuka da ya gagari kusan duk magungunan da ake da su. 52 suka mutu, rabinsu cikin kwana 16 da karɓar kakinsu don gwaji, wato da yawa an binne su kafin sakamako ya fito. Duk waɗanda aka yi wa gwajin ƙanjamau cikinsu suna ɗauke da ita. Fiye da rabi ba su taɓa shan maganin tarin fuka ba, don haka ba a ce sakaci suka yi da magani ba, a wurin wasu suka kwaso ta da taurinta. Mafi yawansu sun kwanta a asibiti kafin nan. Cikin mamatan har da ma'aikatan lafiya biyu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara guda bayan haka, a 2007, aka wallafa wani bincike daga Lima babban birnin Peru, wanda a ganina ya kamata duk mai sa hannu a takardar kwangilar asibiti ya sani. Sun auna sau nawa iskar ɗaki take sabuntawa cikin awa ɗaya a asibitoci takwas. Ƙa'idar ɗakin keɓewa mai injin zuƙe iska ita ce sau 12. Da aka buɗe ƙofofi da tagogi kawai, gine-ginen da aka yi kafin 1950, masu dogon rufi da manyan tagogi, suka ba da kusan sau 40. Na zamani suka tsaya a 17. Ba inji, ba dizal. Daga baya a Witbank ta Afirka ta Kudu aka maimaita dabarar ɓerayen Masar, aka ga cewa sa wa mara lafiya takunkumin fuska na yau da kullum ya rage yaɗuwar da fiye da rabi.

Na san abin da za ku ce: hunturu fa, da ƙura, da sauro, da zafin watan Afrilu? Gaskiya ne. Mai jinyar da ta kwana tana aiki cikin sanyin Janairu za ta rufe taga, kuma ban ga laifinta ba. Amma ana iya sa raga, a bar sama-saman bango a buɗe, a mayar da wurin jira ƙarƙashin rumfa a waje. Sannan a samu mutum ɗaya a bakin ƙofa da aikinsa shi ne ya tambayi wa ke tari, ya ba shi takunkumi, ya wuce da shi gaban layi. Na'urar GeneXpert da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010 tana ba da sakamako cikin kamar awa biyu, kuma maganin kyauta ne a Najeriya. Ma'aikatan su ma a riƙa duba su lokaci-lokaci cikin sirri, a tanadar musu takunkumin N95 a wuraren da haɗarin ya fi yawa. Mu ne fa muka fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Na shekara kusan ashirin ina aikin gwamnati, fayil na gyaran gine-gine sun sha bi ta teburina. Ina duba kuɗin tayil, da fenti, da yawan na'urorin sanyaya ɗaki. Wallahi ban taɓa tambayar faɗin taga ba, kuma ban taɓa jin wani ya tambaya a wurin taro ba.

Ƙanwata ta koma aiki ranar Litinin, ɗakin da ta bari. Ta ce gilashi ɗaya ya maƙale, ta sa masinja ya nemo kafinta, a aljihunta ta biya.