Hotunan Akokan: wa ke riƙe da negatif?



Akokan gari ne da karfen uranium ya haifa. An kafa Cominak a 1974, ta fara fidda uranium a 1978 daga ramin Akouta, mai zurfin wajen mita 250, kuma aka rufe ta ran 31 ga Maris 2021. Shekara 43 ke nan ana shiga rami ana fitowa. To, ina hotunan waɗannan shekaru suke?

Mafi yawansu, ko suna cikin ofisoshin kamfani, ko suna hannun baƙi. Fim ɗin da ya kai sunan garin nan waje a farkon shekarun 2000, "Arlit, deuxième Paris", ɗan Benin ne ya yi shi, Idrissou Mora-Kpai. Hotunan auna iskar guba a titunan Akokan a 2009 na Greenpeace ne. Sai a 2016 ɗiyar gida, Amina Weira, wadda mahaifinta ya yi aikin ma'adinin, ta fito da "La Colère dans le vent". Ita kam ta fidda mu kunya. Abin da ya rage a gidajenmu ɗan kaɗan ne: hoton aure, hoton suna, hoton baba da kwanon aiki a ka, duk sun koɗe cikin akwati.

A da, in ka je wurin mai hoto, yakan ba ka takarda ya riƙe negatif. Kuma nan ne dukiyar take. Seydou Keïta ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, ya adana negatif ɗinsa shekara da shekaru. Da anka gano su a farkon shekarun 1990, an sake wanke su manya-manya, an baje su a Pari. Da takardun kawai ya bari, da rana da ƙura sun gama da su tuni.

Yau negatif ɗin shi ne abin da ake kira RAW, wato ɗanyen hoto. In kamara ta ba ka JPEG, ta riga ta dafa hoton, ta zubar da abin da take ganin ba shi da amfani, ta bar maka matakan haske 256 a kowane launi. Ɗanyen hoto na ƙaramar kamara yana riƙe 4096. Wanga bambanci a nan ne yake da muhimmanci, don hasken ranarmu ba ya da tausayi. Ɗauki dattijo da rawani fari da tsakar rana: ko rawanin ya ƙone fari fat, ko fuskar ta zama baƙi ƙirin. Da RAW sai ka dawo da duka biyun a kwamfuta, da manhaja ta kyauta irin darktable ko RawTherapee. Balle hoton da ya bi ta WhatsApp sau uku, wannan ai an tatse shi.

To wace kamara, ga mai ƙaramin ƙarfi? Ta hannu ce za a nema, okaziyon. Sony RX100 ta farko, wadda ta fito a 2012, har yanzu tana ba da hoto mai kyau, tana shiga aljihu, kuma tana jure duhun ɗaki. Canon S95 ta 2010 da Panasonic LX5 sun fi ta tsufa, amma duk suna yin RAW. Sai dai ukun nan cutarsu ɗaya: idonsu yana fitowa yana komawa, kuma kowace fita tana jan ƙura ciki. Wanda ya san iskar hunturu a Akokan ya san abin da nike nufi. Shi ya sa ni, in da zaɓi, Olympus TG-4 ta 2015 ko ƙannenta TG-5 da TG-6 zan ɗauka. Hotonsu bai kai na Sony ba, da dare musamman, amma a rufe suke ruf, yashi ba ya shiga. Kamara mai rai ta fi wadda ke kwance wurin mai gyara a Kano.

Kafin ka biya, ɗauki hoton farin bango ka duba ko akwai ɗigon ƙura, ka tabbata menu yana da RAW, ka tambaya ko batir ɗinta na samuwa. Ka duba wayarka ma, wasu Android suna da shi da sunan DNG. Hoto ɗaya na RX100 ya kai mega 20, saboda haka a yi tanadin katin ajiya, a kwafe wuri biyu.

Abin ɗauka kuwa ba ya jira. An fara rufe tudun sharar uzin, site ta sake kama, tsoffin ma'aikatan da sunka shiga rami a 1978 suna ta raguwa. A kowane hoto a rubuta sunan mutum, unguwa da ranar, kuma a nemi izininsa tukuna.