Bushiya: Annobar Da Ta Cinye Garken Kakanninmu

Duk mai kallon finafinanmu na Hausa ya san wannan fitowar: ga budurwar Fillo ta sha ado da ƙwaryar nono a ka, ga saurayi da malafa ya saɓa sanda a kafaɗa, can bayansu kuma fararen shanu suna kiwo abinsu, sai kiɗa ya tashi. Haka ma a littattafanmu na soyayya, sau nawa motar ɗan mai kuɗi ta lalace a gefen ruga ya yi gamo da wadda za ta sace masa zuciya? A duk waɗannan labarai shanu ado ne kawai, ba mai tambayar yadda aka yi suka kawo yau. Alhali kuwa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, saura ƙiris a wayi gari babu saniya a ƙasar nan.

Idan mai karatu ya ɗauki hanyar Gwarzo daga Kano, ya wuce Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo ta wajen Garo, ya shiga karar Getso ranar kasuwa, zai ga shanu da tumaki da awaki har iya ganinsa. Wannan yanki da ke iyaka da ƙasar Katsina wuri ne da Bafillace da Bahaushe manomi suka daɗe suna cuɗanya: wannan ya ba da taki da nono, wancan ya ba da kara da hatsi. To, a cikin karar nan ka sami dattijon da ya haura shekara sittin ka ambaci kalmar "bushiya" ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Ka juya ka tambayi yaron da ke riƙe masa igiya, ƙila ya ce da kai dabbar nan ce mai ƙaya. Tsakanin dattijon nan da yaron nan akwai tarihi na shekara ɗari.

Bushiya cuta ce ta shanu wadda wata ƙwayar bairos ke kawowa, 'yar uwar ƙwayar da ke kawo wa yara ƙyanda. Makiyayi ba ya bukatar likita kafin ya gane ta. Saniya za ta fara da zazzaɓi, ta daina tuƙa, gashinta ya tashi. Sai hawaye da majina, sai miki a dasashi da harshe, yawu na dalala, baki na wari. Daga nan sai zawo mai ɗoyi, wani lokaci da jini. A cikin kwana shida zuwa goma sha biyu sai ta faɗi. Mashaya ɗaya ko kara ɗaya ta isa ta haɗa garke goma. Ba ta da magani, ko na Bature ko na gargajiya, sai dai wadda Allah Ya sa ta tsira ba ta sake kamuwa har ta mutu. Wannan sirrin shi ne daga baya ya zama makamin da aka yaƙe ta da shi.

SHEKARAR SANNU

A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanun da suka sayo daga Indiya a tashar jiragen ruwa ta Masawa, a gaɓar Bahar Maliya, don ciyar da rundunarsu. Ashe da ajalin shanun Afirka suka zo. Cutar ta mamaye Habasha, ta yi kudu har ta kai Afirka ta Kudu a 1896, wani reshen kuma ya yi yamma ya biyo ta Sudan da tafkin Chadi. Wajen 1890 zuwa 1891 ta game ƙasar Hausa da Barno, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello, ana gab da shiga Yaƙin Basasa. Wani hafsan sojan Faransa mai suna Monteil, wanda ya ratso ta Sakkwato ya iso Kano a ƙarshen 1891, ya rubuta irin ɓarnar da ya gani a hanyarsa. Masana sun ƙiyasta cewa a wurare da yawa cikin kowace saniya goma, tara sun mutu. Ba ta bar namun daji ba ma, ta kashe ɓauna da raƙumin dawa da gadu.

Makiyaya sun raɗa wa wannan annoba suna "Sannu". Dalili kuwa, duk wanda ka tarar jaje za ka yi masa, shi ma ya yi maka, don babu wanda ya tsira. Allah Sarki! Ka duba mutumin da ya kwana da shanu ɗari biyu, bayan mako biyu ba shi da komai sai sanda da igiyar tatsa. Ga Bafillace kuwa saniya ba dukiya ba ce kawai: ita ce sadaki, ita ce gado, ita ce abincin yara, ita ce mutunci a gaban dangi. An ruwaito cewa wasu sun zauce sun shiga daji. Da yawa suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya, suka zauna a gefen garuruwa suna noma ko suna yi wa wasu kiwo.

Ba a gama farfaɗowa ba ta dawo a 1913 zuwa 1914, ta haɗu da fari da yunwa, aka kira ta "Gamagari". Ta sake dawowa a 1919 zuwa 1920, Fulani suka kira wannan "Doccal", wato ɗan abin da ya rage.

Kada mai karatu ya ɗauka kakanninmu sun naɗe hannu ne. Makiyayi ya daɗe da sanin cututtukan dabbobinsa da sunayensu: ga sammore, ga ciwon huhu, ga harbin daji, ga kirci, ga ciwon hanta, kowanne da alamarsa da saiwarsa ko lalasarsa. Game da ciwon huhu ma har rigakafi suke yi tun kafin zuwan Turawa: su yanko ɗan huhun saniyar da cutar ta kashe, su tsaga fatar karan hancin mai lafiya su cusa. Amma bushiya ta fi ƙarfin wannan ilmi. Dabara ɗaya ta rage, gudu. Shi kuma gudun, sau da yawa shi ne ke kai cutar inda ba ta je ba.

ZUWAN MALAMAN DABBOBI

Turawan mulki ba don Allah suka damu da shanunmu ba. Jangali na cikin manyan hanyoyin shigar kuɗin baitulmalin En'e, ga kuma fata da ƙirgi da ake lodawa a jirgin ƙasa tun da dogo ya iso Kano a 1911. Saniya ta mutu, haraji ya mutu. Saboda haka a 1914 suka kafa sashen kula da lafiyar dabbobi a Zariya, a 1924 kuma aka koma Vom, kusa da Jos, aka gina ɗakin binciken da har yau shi ne cibiyar haɗa allurar rigakafin dabbobi ta ƙasa.

Rigakafin farko abin tsoro ne. Za a tara shanu a sansani, a ɗura wa kowace jinin saniya mai cutar a gefe guda, a ɗaya gefen kuma a ɗura mata ruwan jinin wadda ta warke. Wato a sa mata cutar da gangan, a kuma ba ta abin da zai rage mata kaifi. Sai an tsare garke makonni, kuma wasu kan mutu. To, ka ce da makiyayi ya kawo lafiyayyun shanunsa a sa musu ciwo, a wurin da ake ƙirga su, shi kuwa ya san bayan ƙirga sai jangali! Ba mamaki da wasu suka riƙa kwashe garke cikin dare. Abin da ya karya wannan tsoro ba wa'azi ba ne, gani ne da ido: annoba ta zo ta share garken da ya gudu, ta bar wanda aka yi wa allura a tsaye. Gani ya kori ji. Daga baya aka sami rigakafi mai sauƙi wanda aka raunana ƙwayarsa a jikin awaki, sannan wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, ya shafe shekarun 1956 zuwa 1962 a Kenya yana haɗa wanda ya fi duka: allura ɗaya, mai araha, ba ta kwantar da dabba, kuma kariyarta har mutuwa.

A nan Kano ta shiga tarihin duniya. A 1961 aka yi taro a birnin Kano inda aka tsara wani gagarumin shiri mai suna JP15, don an gane cewa saniya ba ta san iyakar ƙasa ba. A 1962 aka fara da ƙasashe huɗu na kewayen tafkin Chadi: Nijeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. Malaman dabbobi suka bazu da Landiroba da akwatunan ƙanƙara, dagatai da arɗo-arɗo suna tara jama'a, duk saniyar da aka yi wa allura a huda mata kunne don shaida. Kafin a rufe shirin a 1976 ya game ƙasashe 22, an yi wa shanu sama da miliyan 70. Bushiya ta yi ɓatan dabo a Nijeriya.

SAKACI

To, a nan fa gizo ke saƙar. Da aka ga shiru, sai kowa ya miƙe ƙafa. Sharaɗin shi ne kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa 'yan maruƙan da ake haifa allura duk shekara. Amma lokacin kuɗin mai ne, hankalin hukuma ya koma wani wuri. Motoci suka lalace, firji suka mutu. Makiyayi shi ma ya ce ciwon da ba a gani, me za a wahala a kansa? Nan kuwa cutar ta laɓe a wurare biyu, iyakar Mali da Muritaniya, da kuma kudancin Sudan, tana jiran a tara sabon garken da bai san allura ba.

A 1980 ta ɓullo ta wajen Sakkwato. A 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, wata ta shigo ta Barno daga Chadi, ta bi burtali da kasuwannin shanu ta game Arewa. Wannan ita ce bushiyar da dattawan Getso da Kabo suka gani da idonsu. Mutanen da kakanninsu suka gudu daga allura, su ne yanzu ke bin malamin dabbobi suna roƙo, allurar kuma ba ta isa. Masu wayo suka yi ta sayar da shanu a wulaƙance kafin su faɗi. An ƙiyasta asarar da Nijeriya ta yi a kan dala biliyan 2, ga kuma fari ya biyo baya.

Wannan mari shi ya farkar da Afirka. A 1986 aka ƙaddamar da sabon yaƙi na nahiyar baki ɗaya, kuma 1987 ce shekarar ƙarshe da aka ga bushiya a Nijeriya. Abubuwa biyu suka bambanta wannan karon. Na farko, an sami allurar da ke jure zafi har wata guda ba firji, ana iya kai ta ruga a kan keke ko a ƙafa. Na biyu, likitoci sun sauke girman kai. A Habasha da kudancin Sudan makiyaya aka koya wa yin allurar da kansu, kuma su aka riƙa tambaya inda cutar ta ɓuya, don sun fi kowa sanin garkensu. An ga ta ƙarshe a jikin ɓauna a Kenya a 2001. A 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a doron ƙasa. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa shafewa, bayan agana a 1980.

SAURA ƘANWARTA

Labarin bai ƙare ba, don bushiya ta bar ƙanwa. Akwai annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, wadda aka fara ganowa a Kwaddibuwa a 1942. Alamunta kusan ɗaya ne: zazzaɓi, majina, mikin baki, zawo da tari. Wannan kuwa ba sai ruga ba, cikin gidajenmu take shiga. A Kutama ko Lakwaya ko Gude, akuyar da ke ɗaure a turke yawanci ta uwargida ce, ita ce asusunta na kayan ɗakin 'ya da kuɗin makaranta da ranar rashin lafiya. Sai a sayo sabuwar tunkiya a kasuwa a haɗa ta da na gida a ranar, bayan mako guda turke ya zama wayam. In ciwo ya shigo kuma, sai a ruga wurin mai tallan magani a sayo allura ko kafso a yi ta ɗirkawa, alhali irin waɗannan magunguna ba sa kashe bairos, iyakarsu su rage cututtukan da ke biyo baya.

Abin mamaki, allurar rigakafin PPR da aka fi amfani da ita a duniya daga ƙwayar da aka samo a Nijeriya a 1975 aka haɗa ta, har sunan ƙasar take ɗauke da shi. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da take fatan gamawa da cutar. Ko za a cimma hakan, ya danganta da abin da tarihin bushiya ya koya mana: a kai dabba allura tun tana lafiya, a ware baƙuwa kafin a haɗa ta da garke, a kira malamin dabbobi da an ga alama, kuma hukuma kada ta janye hannu don ta ga shiru.

Ga marubutanmu da masu shirya fim kuma, ga ƙorafi. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, ya nuna cewa tarihin wancan zamani yana iya riƙe mai kallo. Ina wanda zai ba mu labarin Bafillacen da ya rasa garkensa ana saura mako guda a ɗaura masa aure a shekarar Sannu? Ina labarin malamin dabbobin 1983 da ya iso ruga da allurar shanu ɗari, ya tarar da dubu suna jira? Waɗanda suka ga ta ƙarshen suna nan da ransu a Gwarzo da Kabo, sai dai kullum raguwa suke yi. Mai son ji daga bakinsu, ya hanzarta.

Allah Ya kiyaye mana dukiyarmu, Ya sa mu dace.