Daga Ƙofar 'Yandaka Zuwa Teburin Faransawa a Yamai

Duk wanda ya tashi a Ƙofar 'Yandaka ya san abin da ake faɗa mana tun muna yara: ta nan Nasara ya shigo Katsina. A 1903 ne. Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato ta bi ta a watan Maris, daga can Gwamna Lugga ya nufo Katsina da sojojinsa, ya shigo ta wannan ƙofa, Sarki Abubakar ya tarbe shi ba a yi yaƙi ba. Na ji labarin nan har kunnena ya saba, ya daina taɓa ni. Sai ranar da na zauna cin abinci a Yamai ya dawo mini sabo.

Wani ƙanena ne ɗan Maraɗi, wanda kakarsa da tawa uwa ɗaya uba ɗaya suke, ya kai ni wani gidan abincin Faransawa kusa da bakin kogi. Kafin mu ce ga abin da muke so, an ajiye mana kwando da yankakken burodi, irin dogon nan mai kama da sanda. Bayansa ƙaras-ƙaras, cikinsa duk ramuka, babu zaƙi ko kaɗan. Ina juya shi a hannu, ya ce, "Yaya, ci mana, ai burodinmu ne."

Burodinmu. Kalmar ta tsaya mini. Ni nawa burodin mai laushi ne, mai sukari, wanda ake gasawa a gwangwani, wanda mai shayi ke yankawa ya shafa masa bota. Jininmu ɗaya, harshenmu ɗaya, tuwonmu da furarmu ɗaya, amma kowa da burodin da yake kira nasa. A ina muka rabu?

Rabuwar farko ta girmi Turawa. A wajen 1807 mutanen jihadi suka karɓi Katsina, Ummarun Dallaje ya zama sarki, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa. Bayan shekaru na yawo da yaƙi, Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi a wajen 1819. Shi ya sa har yau sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. An yi ta kai wa juna hari, gaskiya ne, amma fatake ba su daina tafiya ba, aure bai yanke ba, kasuwa ba ta mutu ba.

Rabuwa ta biyu a kan takarda aka yi ta, a Turai. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a Tafkin Chadi. A 1898 suka sake zama, Ingila ta zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100, abin da ya tura hanyar Faransawa cikin ƙasar da ba rijiyoyi. Faransa ta yi ta ƙorafi tana neman hanya mai ruwa daga kogi zuwa Damagaram. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka ba ta, iyaka ta sauko kudu, Maraɗi ta faɗa hannunta. Ku duba, jama'a: ƙishirwar ayarin sojan wata ƙasa ce ta yanke wa dangina hukuncin wanda zai yi lakwal ya kira malaminsa mushe, da wanda zai yi elemantare.

Kuma kada daɗin abinci ya mantar da mu yadda Faransawa suka zo. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa. Ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi ɓarna mai muni a Birnin Ƙonni, kafin sojojinsu su juya musu baya su kashe su biyun a yankin Tasawa. Ina zaune a teburin nan, farin ƙyalle a cinyata, wannan tarihi yana raina.

Yamai kuwa ta zama babban birni a 1926, da aka ɗauke hedikwata daga Damagaram. Inda gwamna ya zauna nan ma'aikata da 'yan kasuwar Faransa suka taru, da kukunsu da masu gasa musu burodi. Bafaranshe ba ya wasa da cikinsa. Har doka suka yi a 1993 a kan burodinsu na gargajiya, wanda ginshiƙinsa fulawa ne da ruwa da gishiri da yis, kuma a 2022 UNESCO ta sa sana'ar yin sa cikin al'adun duniya da ake adanawa. Ingilishi ya bar mana shayi da burodin gwangwani ya tafi. Faransa ta bar tsarin tebur sukutum.

Tsarin shi ne ba a jibge maka abinci gaba ɗaya. Da farko ɗan abin buɗe baki, a kwashe faranti, a kawo babban, sannan cuku, sannan kayan zaƙi. Mun kusa awa biyu. Giya na cikin al'adarsu, don haka tun farko ƙanena ya ce a kawo mana zoɓo, kuma ya tambayi kowane abinci ko da naman alade a ciki kafin ya amsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne na cikin farantin. Sunan abincin da Faransanci yake a takarda, kapiten, amma da aka kawo sai ga giwan ruwa, kifin kogin nan da muke hange. An dafa shi da man shanu da lemun tsami, an bar shi da ɗanɗanonsa, ba a danne shi da yaji ba, kuma zan faɗi gaskiya, ya yi daɗi ƙwarai. Albasar kuwa jar nan ce ta Galmi da ake lodawa har Abijan. Mai girkin da ya leƙo, baƙin mutum ne, ya gaishe mu da Hausa. Da aka kawo cukun Turai na ɗanɗana, sai na tuna da namu busasshen cukun na Buzaye, wanda ake daka wa fura a Agadas.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar a watan Disamba na shekarar. Gidajen burodi ba su fasa hura wuta da asuba ba.

Da zan dawo na tsaya Maraɗi na sayi burodin guda uku, na bi ta Ɗan Isa, na tsallako Jibiya. Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, amma burodin da ba mai ba sukari ba ya jira, kafin magariba ya sandare. Na shigo gida na miƙa wa Inna. Ta karɓa ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta ce irinsa ƙanwar mahaifiyarta ke zuwa da shi duk sallah idan ta zo daga Maraɗi. Ta sa aka ɗora ruwan shayi, ta karya shi ta tsoma.