Yaron Fagge: Ya Daɗe A Ƙofar Silima, Bai Shiga Allo Ba

Mai karatu, in ka tambayi dattawan Fagge yadda ake gane yaro ya lalace a zamaninsu, amsar ɗaya ce: an gan shi a ƙofar silima.

Wannan zargi yana da asali. Fagge zangon fatake ne tun tuni, a wajen ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai aka kafa Sabon Gari don baƙi 'yan Kudu. A wannan yanki, nesa da idon malamai da iyaye, Kwarori suka fara gina gidajen silima cikin shekarun 1930. Daga baya aka samu irin su Plaza a Fagge da Eldorado a Sabon Gari. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu. Da yawa suka ce ai fushin Allah ne. Tun daga nan silima da iskanci suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai a bakin mutane.

Abin mamaki, shi wannan yaro da ake zagi, a allon silima kaɗai yake ganin irinsa. A 1951 ɗin ne Raj Kapoor ya fitar da Awaara, labarin yaron da talauci ya tura sata, ga dariya ga hawaye. Faransa ma ta yi nata a 1959, inda François Truffaut ya bi wani ɗan makaranta har gidan horon yara. Tsotsi na Afirka ta Kudu kuwa har kyautar Oscar ya ci a 2006.

To mu fa? Adabinmu ya taɓa shi. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya nuna yadda birni ke haɗiye matashi. Amma da fim ɗin bidiyo ya kankama da Turmin Danya a 1990, sai akalar ta karkata ga soyayya da kishi, musamman bayan Sangaya. Yaron titi ya zama ɗayan biyu: ko ɗan daba da za a kama a ƙarshe a yi wa'azi, ko abin dariya a finafinan camama. Ba a cika tambayar me ya fitar da shi daga gida ba. Mutuwar aure ce? Kuɗin makaranta ne? Ko uba ne da ba ya zama?

Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. A 2018 sai da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, kuma Kano na cikin wuraren da abin ya fi ƙamari. Yaran nan 'yan unguwarmu ne, suna da wayo, suna da barkwanci, suna da buri.

Furodusoshi da marubuta, ku leƙa Kantin Kwari da tashoshin mota, labarin yana nan yana jiran ku. Wanda ya fara ba shi haƙƙinsa, mu 'yan kallo za mu saka masa. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.