Daga Murfin Ƙwarya Zuwa Teburin Gwanjo: Tarihin Faifan Garmaho a Arewa

Kafin garmaho ya zo, Bahaushe ya san faifai. Shi ne abin da mata ke saƙawa da kaba, a rufe ƙwaryar fura, a fifita wuta, a bakace tsaba. Da baƙin abin nan mai zagaye ya iso ƙasar nan yana fitar da muryar mutum, ba a wahala wajen raɗa masa suna ba, aka ce ai wannan faifai ne. Sunan ya bi shi har zamanin CD, har yau da ake cewa "faifan bidiyo" ga abin da ba shi da jiki ko kaɗan.

A fadamun Watari, tsakanin Bagwai da Bichi, na taɓa ganin zaren kaset an ɗaɗɗaure shi a kan sanduna yana walƙiya a gonar shinkafa don korar tsuntsaye. Ban san muryar wa ke jikin zaren ba. Tun ranar nake tambayar kaina: in wannan ne ƙarshen kaset, ina faya-fayan da suka riga shi suka shiga? Amsar ta kai ni har teburan gwanjo na Turai.

A watan Mayu na 2009 aka yi gwanjon wani ɗan ƙaramin faifai a Ingila, aka sallama shi a kan fam 25,742. Waƙa ce ta Frank Wilson da kamfanin Motown na birnin Detroit ya ɗauka a 1965, a salon kiɗan soul na baƙaƙen fatar Amurka, wanda ya tsiro daga waƙoƙin coci. Ba a fitar da faifan kasuwa ba, an lalata kusan duk waɗanda aka buga, 'yan ƙalilan suka tsira. Daga baya matasan arewacin Ingila, masu kwana rawa a ɗakuna irin su Wigan Casino tsakanin 1973 da 1981, suka ɗaukaka waƙar. Daga nan za a gane abin da ke sa faifai tsada: ƙarancinsa, lafiyar jikinsa, da labarin da ke bayansa.

Muryar Hausa ta daɗe da hawa faifai. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin 'yan Afirka ta Yamma a Landan don sayarwa a ƙasashensu, kuma Hausa na cikin harsunan da aka ɗauka. Faifan wancan zamani mai juyi 78 ne a minti ɗaya, mai nauyi, mai saurin fashewa kamar tangaran, kuma kowane gefe ba ya wuce kimanin minti uku. Makaɗin fada da ya saba jan waƙa ɗaya tun daga kirari har zambo dole ya datse ta. Sai a 1948 aka fito da dogon faifai na roba a Amurka, mai ɗaukar kusan minti ashirin a gefe guda, a 1949 kuma ƙaramin mai juyi 45 ya biyo baya.

Waɗannan faya-fayai sun zo daidai da zamanin gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoman karkarar da ke kewaye da birni suka fara ganin kuɗi a hannu bayan kaka. Wanda gonarsa ta yi albarka yakan sayi keke, ko rediyo, ko garmaho mai wani, a taru a ƙofar gidansa bayan sallar isha'i. Kamfanoni irin su EMI da Decca da Philips suka kafa rassa a Legas, EMI ya buga waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, muryar Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ita ma ta hau faifai. Masu bincike ma sun yi nasu: abin da David Ames ya ɗauka a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960 ya fito a jerin faya-fayan UNESCO da aka buga a Jamus.

Akwai kuma wani ɓangare da ba mu cika tunawa da shi ba. Kiɗan soul ya shigo Nijeriya da ƙarfinsa, musamman bayan Geraldo Pino ɗan Saliyo ya girgiza Legas da shi, sannan James Brown da kansa ya zo a 1970. Guguwar ba ta tsaya a Kudu ba. A otal-otal da kulob-kulob na Sabon Garin Kano da Kaduna da Jos, ƙungiyoyin jita da ƙaho sun riƙa haɗa salon Amurka da kiɗan gida. Cikinsu akwai Sahara All Stars ta Jos, da Elcados, da ƙungiyar Bala Miller ɗan asalin Zariya, wadda sunanta, Pirameeds, ke tuna wa Bakano dalar gyaɗa. Waƙarsa "Ikon Allah" da Hausa ya rera ta.

Abubuwa uku suka kashe wannan kasuwa. Na farko, fari na 1973 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 sun karya arzikin manomi. Na biyu, kaset, wanda Philips ya ƙirƙiro a 1963, ya fi faifai araha, yana aiki da batir, ba ya tsalle a mota, kuma kowa na iya kwafarsa. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafe-kwafe, kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a littafinsa na 2008 kan Kano. Na uku, dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, tare da karyewar tattalin arziki a shekarun 1980, sun sa manyan kamfanonin waje suka janye ɗaya bayan ɗaya. Faifai ya koma ƙarƙashin gado. Zafi ya lanƙwasa wasu, ƙurar hunturu ta cike layukan wasu, gara ta cinye kwalayen da ke ɗauke da sunayen makaɗa da shekarar bugu.

Sai ga baƙi sun dawo nemansu. A 2001 kamfanin Strut na Landan ya fitar da tarin waƙoƙi mai suna Nigeria 70, wanda aka tallata a matsayin tarihin kiɗan Legas, alhali a cikinsa akwai Bala Miller da Sahara All Stars. A 2008 Soundway na Miles Cleret ya biyo da nasa jerin, har da Elcados. A 2013 Sahel Sounds na Christopher Kirkley ya sake buga kaset ɗin Mamman Sani na Nijar na 1978 a kan faifai, bayan ya ci karo da shi a wani ma'ajin kiɗa a Yamai. Kowane sabon bugu yakan tada farashin na asali a shafukan eBay da Discogs, inda mai taya daga Japan ke gogayya da na Jamus.

Adalci ne a ce waɗannan mutane sun ceto abin da muka yi watsi da shi, wasunsu kuma sun nemi makaɗan ko magadansu sun biya su. Amma gwanjo dabam, sake bugawa dabam. Idan aka sayar da tsohon faifai, kuɗin na mai shi ne da dillali, makaɗi ba ya ganin ko sisin kwabo. Mutumin ƙauye da ya bayar da buhun faya-fayan mahaifinsa a kan kuɗin cefane bai san abin da ya sallama ba. Wani abin lura kuma shi ne, kasuwar waje ta fi son mai jita da ganga irin ta rawa, don haka kalangu da kotso da taushi ba su da mai taya sosai. Ga su nan ba a saye ba, ba a kuma adana ba. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kuma mafi yawan abin da ke yawo na muryoyinsu a wayoyinmu kwafin kwafi ne, babu shekara, babu sunan 'yan amshi.

Wanda ya tarar da irin waɗannan faya-fayai a ɗakin kakansa, kada ya jibge su a kwance ko ya bar su a rana. A jera su a tsaye cikin inuwa, a ajiye kwalin ko da ya yage, a ɗauki hoton rubutun da ke tsakiya, a nemi mai na'ura ya juye sautin a kwamfuta kafin a yi maganar ciniki. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Arewa House a Kaduna, wurare ne da ya kamata su buɗe ƙofa ga irin wannan ajiya, kamar yadda ake karɓar tsofaffin takardun ajami. Idan kuma za a sayar, a binciki farashin a intanet tukuna, kuma a bar kwafin sautin a gida.